Ƙuri'ar Wilma Kooima

Ƙarfe biyar da rabi na safe Wilma Kooima take kunna injin wanki. Duk wanda ya taɓa bi ta bayan tsohon gidan benen nan na Layin Tasha, a nan New Kampen, ya san ƙararsa, don injin ya tsufa, yana rawa kamar zai fice daga ɗakin. Kafin ya gama zagayen farko ta ɗora gahawa, ta jera kwalaben madara a tukunyar ruwan zafi, ta hau bene da gwiwarta mai ciwo tana leƙa ɗakuna huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tashin kowa. Tana dai duba wa ta samu barci, wa ta sha kuka, wace ce ƙafarta ta kumbura. Ƙarfe bakwai kowa yana kan tebur, da mai so da marar so. Ta karanta aya biyu ko uku, ta yi gajeriyar addu'a, sannan ta shiga rabon aiki: ke yau za a kai ki awo, ke ki wuce makaranta, ke kuma ki kira uwarki ko da za ta kashe miki waya.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan. Ranar Asabar mai zuwa za ta ajiye, ba don ta gaji ba. Idanunta ne suke mutuwa, likita ya ce da wuya su kai baɗi.

Sunana Harlan Bouma. Irin masara da takin zamani nake sayarwa, dattijo ne ni a cocinmu, kuma na yi shekara ashirin cikin 'yan sa-kai masu tuƙa motar asibiti. Editan jaridar nan ya dube ni sau biyu da na miƙa masa wannan rubutu, domin kowa a garin nan ya san na yi shekara shida ban gaishe da Wilma ba. Shi ya sa ma nake ganin ni ya kamata in rubuta.

Nas ce a ɗakin haihuwa na asibitin gundumarmu lokacin da mijinta Gerrit ya rasu. Allah bai ba su haihuwa ba, gidan kuma ya yi mata faɗi. A shekarar ne wata yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta zo awo da cikin wata biyar, da jakar kayanta a hannu, ubanta ya kore ta. Wilma ta tashi daga aiki ta tarar da ita zaune a bakin ƙofar asibiti. Ta ce mata, "Tashi mu je, akwai miya a gida." Daga wannan miyar aka fara. Zuwa yau, matan da suka shiga gidan nan da ciki suka fita da goyo sun haura ɗari uku. Akwai 'ya'yan manoma, akwai waɗanda suka gudo daga duka, daga baya kuma aka samu 'yan ci-rani masu aiki a kamfanin nama. Kowa Mama Wilma yake ce mata, har waɗanda ba sa jin Turanci.

Kada wani ya ɗauka mai sassauci ce. A zancen zubar da ciki, duk garin nan babu wanda ya fi ta tsanani. Kowane watan Janairu tana gabanmu a bakin babban titi da kwalin zanga-zanga a hannu, sanyi yana yanka fuska, mu muna leƙa mota mu ji ɗumi mu fito, ita tana tsaye. Da yake a jiharmu ta Iowa ake buɗe zaɓen fid da gwani, duk shekara huɗu masu neman shugabancin ƙasa a jam'iyyarmu sai sun zo barandarta sun ɗauki hoto da jariri. Mu kuma muna alfahari da ita kamar yadda ake alfahari da hasumiyar coci. Manoma suna cika mata firiza biyu da nama, mata suna aika kwanon abinci kowace Laraba.

Shekara tara da suka wuce asibitin gunduma ya rufe ɗakin haihuwa. Aka ce haihuwa ta yi ƙaranci, likitoci kuma ba sa son zaman ƙauye. Muka yi gunagunin mako biyu a gidan gahawa, muka koma zancen farashin masara. Tun daga ranar, mace in naƙuda ta kama ta a New Kampen, mil hamsin da biyu ne tsakaninta da likita.

Yesenia 'yar shekara ashirin da biyu ce. Tana yankan nama a kamfani har cikinta ya kai wata bakwai, sannan ta koma gidan Wilma. Yarinya ce mai yawan dariya, ita ta koya wa Wilma zuba barkono a miya. Wata Talata a watan Fabrairu, da tsakar rana, aka kira mu cewa jini ya ɓalle mata. Ni ne a sitiyari ranar. Iska tana kwasar dusar ƙanƙara tana watsawa a kan titi, har ba ka iya bambance kwalta da gona. Wilma ta shiga baya tare da ita.

"Harlan, taka motar nan!"

"Ina takawa, Wilma. Hanyar ce ba na gani."

"To taka a hakan!"

Wajen mil na talatin na ji kukan jariri a bayana. Na gode wa Allah, na ɗauka an tsallake. Sai na ji muryar Wilma ta sauya. Ta daina ba da umarni, ta koma lallashi.

"Dube ni, 'yata. Kada ki rufe ido. Mace ce, ga ta nan, kai cike da gashi. Wane suna za ki sa mata? Faɗa min sunan."

Muna hango ginin asibitin Yesenia ta cika.

Likitan da ya karɓe mu ya ce da mun riga haka da minti ashirin, da wataƙila an yi wani abu. Tsohon ɗakin haihuwarmu kuwa, daga ƙofar Wilma minti shida ne.

Da muka dawo, ita ta taya ni wanke motar. Na ce ta je ta huta, ta ƙi. Tana durƙushe da soso a hannu, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Harlan, shekara nawa muna ɗaukar kwali a bakin titi?"

"Sun fi ashirin."

"Ranar da aka rufe ɗakin haihuwa, kwali nawa muka ɗauka?"

Na ci gaba da wanke motar. Jaririyar ta yi wata biyu a hannunta kafin ƙanwar uwar ta zo daga Nebraska ta tafi da ita.

Da kaka ta yi, 'yan takara suka fara zarya, har suka tace suka rage biyu. Sanata Tillery namu ne ko ta ina ka juya shi. Ɗan fasto ne, murya kamar ganga, ya yi alkawarin haramta zubar da ciki a duk faɗin ƙasa, da mayar da addu'a makarantu, da tsayawa a kan cewa aure na namiji da mace ne. Gwamna Renwick kuma ɗan jam'iyyarmu ne a zancen haraji da tsaro, amma a kan abubuwan da suka fi ci mana rai ya ce shi ba zai shiga tsakanin mace da likitanta ba a watannin farko, kuma wanda mutum ya aura ba aikin gwamnati ba ne. Manyan jam'iyya suna ta raɗa mana cewa shi ne zai iya cin babban zaɓe. Mu kuwa muka ce gara mu faɗi da namu da mu ci da bare.

Tillery ya zo gidan cin abinci na garinmu da ake sayar da fiza, wuri ya cika har bakin titi. Da aka zo tambayoyi, Wilma ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ni ce Wilma Kooima."

"Wa bai san Mama Wilma ba? Jama'a, ku tafa wa baiwar Allah!"

Aka tafa. Ta jira aka gama.

"An rufe mana ɗakin haihuwa. A watan Fabrairu yarinya ta mutu a hannuna a kan hanya. An kawo dokar tallafa wa ƙananan asibitoci gaban majalisarku, na bincika, ka ƙi ta. Me ya sa?"

Murmushinsa bai ko motsa ba. Ya ce, "Mama, gwamnati ba ta iya jinƙai ba. Irinku ne suka iya. Da kowane gari yana da Wilma guda, da ba mu nemi wata doka ba."

Aka sake tafi, ni ma na tafa. Ta ce, "Garin nan yana da Wilma guda, kuma yarinyar ta mutu." Amma tafin ya danne muryarta. Ni da ke gefenta ne kawai na ji.

Bayan mako biyu Renwick ya zo ɗakin karatu na gari. Mutum goma sha huɗu suka je, rabinsu kallo ya kai su. Ni ban je ba, amma matata Ardis a can take aiki, ita ta ba ni labari. Ta ce Wilma ba ta ko bari ya gama gaisuwa ba.

"Gwamna, abin da kake goyon baya, ni kisa nake kiran sa. Ka sani?"

"Na sani, Mama."

"Kuma ba za ka sauya ba?"

"In na ce miki zan sauya, ƙarya na yi miki, kuma za ki gane. Ba zan haramta shi ba. Amma a jihata na tarar an rufe ɗakunan haihuwa goma sha ɗaya, na buɗe bakwai. In na samu shugabanci, da wannan zan fara. Ki bincika."

Ta bincika. Ta yi ta buga waya tana neman nas-nas na can ɗaya bayan ɗaya, suka ce mata gaskiya ne. Ardis ta ce min a makonnin nan Wilma ta rame har rigunanta suna yi mata yawa. Ana saura kwana uku taron zaɓe ta shigo shagona, ta tsaya tsakanin buhunan iri.

"An ce kai za ka yi magana a madadin Tillery."

"Ni ne."

"To ni zan yi a madadin Renwick. Na ga bai kamata ka ji a bakin wani ba."

Na yi dariya, na ɗauka wasa take. Da na ga fuskarta na ce, "Wilma, kanki ɗaya kuwa? Ke? Mutumin nan fa ya faɗa da bakinsa."

"Ya faɗa. Shi ya sa na san abin da nake saye."

"Za su cinye ki ɗanya."

"Na san garinmu," in ji ta, ta ɗaura gyalenta ta fita.

Ranar taron zaɓe, ƙarfe bakwai na yamma zauren wasanni na makaranta ya cika. Kowane ɗan takara ana ba mai magana a madadinsa minti uku. Na yi nawa, aka tafa har da buga ƙafa. Da aka kira sunan Renwick aka tambaya ko akwai mai magana, an ɗauka babu. Sai ga Wilma tana takowa a hankali daga layi na uku.

Ta ce, "Kun san ni. Babu gida a zauren nan da ban shiga ba. Abin da na yarda da shi jiya, shi na yarda da shi yau: abin da ke cikin ciki rai ne. Mutumin da zan zaɓa bai yarda da haka ba, ya kuma faɗa min ido da ido. Amma tun ina da ƙarfina muke zaɓen masu faɗin abin da muke son ji. Su zo barandata, su ɗauki jariri, a ɗauki hoto, su miƙo min shi su tafi. Muna cikin haka aka rufe mana ɗakin haihuwa, ba wanda ya tanka, har ni. Uwa ma rai ce. Na riƙe wata har ta cika a hannuna. Ga Harlan nan, shi ya tuƙa motar, ku tambaye shi."

Kawuna suka juyo kaina. Da na gyaɗa kai kawai, da ya isa. Sai na sunkuya ina kallon takalmina.

Ta ci gaba, "Ban ce muku na tabbata ba. Kwana arba'in ina roƙon Allah ya nuna min wata hanya..."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Yahuza maci amana!"

Wata ta ce, "Sauka, kin ci amanarmu!"

"Je ki faɗa wa jariran da za a zubar!"

Ƙanwarta Elaine, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ɗauki rigar sanyinta ta fice, ƙofar ta bugu a bayanta. Wilma ta tsaya har mintinta uku suka cika, ko da yake ba mai jin abin da take faɗa. Aka kaɗa ƙuri'a. Tillery ɗari biyu da arba'in da uku, Renwick ashirin da tara. Da aka tashi, ta tsaya ta taya naɗe kujeru kamar yadda ta saba. Duk layin da ta nufa sai mutane su koma wani.

Wilma, ke ce kika san ba za ki ci ba, kika miƙe. Ƙuri'a a ɓoye ake kaɗa ta. Da kin so, da kin rubuta sunan da kike so a takarda kin ninke, kin koma gida da mutuncinki da firizarki cike, ba mai sani sai Allah. Mutum ashirin da takwas haka suka yi, har yau ba mu san su ba. Ke kaɗai kika ga cewa in za ki saɓa wa mutanenki, a gabansu za ki saɓa musu.

Abin da ya biyo baya, da hannunmu muka yi shi. Larabar farko kwano biyu ya zo maimakon goma sha biyu. Ta biyu babu ko ɗaya. Manoman da suka saba kawo nama suka ga hanyar Layin Tasha ta yi musu nisa. Majalisar dattawan coci ta zauna a kan ajin yara da take koyarwa ranar Lahadi, aka aike ni da Fasto Terpstra mu kai mata saƙo. Ta zaunar da mu a kicin, ta zuba mana gahawa.

Fasto ya ce, "'Yar'uwa Wilma, ba korar ki muka yi ba. Iyaye ne suka ce ba sa son ki tsaya gaban 'ya'yansu, har ƙura ta lafa."

"Fasto, rabin iyayen nan ni na yanke musu cibiya."

"Mun sani."

Ta juyo wurina. "Harlan, kai ma ka ɗaga hannu?"

"Na ɗaga."

Ta gyaɗa kai, ta tashi ta ƙara mana gahawa. Daga ranar ne na daina gaishe ta. Na gaya wa kaina fushi ne na addini. Yanzu na san kunya ce, ban iya haɗa ido da ita ba.

Wata safiya aka wayi gari an rubuta da jan fenti a bangon gidanta: MAI KISAN JARIRAI. A lokacin akwai jarirai uku a cikin gidan. Maƙwabta sun ga ta fito da bokitin fenti, ita da wata mai tsohon ciki, suna shafewa cikin sanyi. Ba wanda ya tsallako titi ya karɓi burushin.

Gidan bai rufe ba. Tana da shekara sittin da takwas ta koma aikin nas a gidan tsofaffi, kwana uku a mako. Matan kamfanin nama suka riƙa kawo wake da shinkafa da gurasar masara, wasu 'yan Katolika daga garin gaba suka ɗauki nauyin madara da famfas. Ba a taɓa mayar da mace daga ƙofar nan ba. Coci kuma ba ta bar shi ba. Kowace Lahadi tana kan bencinta, da fili a damarta da fili a hagunta, tana rera waƙa da muryar nan tata da ba ta taɓa daɗi ba.

Da labarin nan irin na daɗin ji ne, da yanzu sai in ce muku lokaci ya gaskata ta. Bai gaskata ta ba. Renwick ya samu takara a sauran jihohi, da yawanmu muka zauna a gida ranar babban zaɓe, ya kuma ci ba tare da mu ba. A shekararsa ta biyu ya sa hannu a dokar da ta ƙara buɗe ƙofar zubar da ciki. Dokar asibitoci kuwa ya aika da ita majalisa, ta maƙale a can, namu da na ɗaya ɓangaren suka haɗu suka binne ta. Ya gama wa'adinsa ya tafi. Ɗakin haihuwarmu yau tsofaffin gadaje ake ajiyewa a ciki.

Ina gidan waya ranar da wani manomi ya tare ta a layi yana washe baki. "Mama Wilma, yaushe ne bikin buɗe ɗakin haihuwar? In ɗinka sabuwar riga?" Aka yi dariya. Ta ce, "Ba a buɗe ba." Shi ke nan abin da ta ce.

A sanyin bara ciwon daji ya kwantar da Ardis. Likitoci suka sallamo ta gida, ta yi mako bakwai. Kwana na biyu, ƙarfe tara na safe, na ji ana goge ƙafa a ƙofa. Wilma ce da jakarta. Ba ni na kira ta ba. Kullum in ta gama da gidanta sai ta zo, ta yi wa Ardis wanka, ta juya ta, ta wanke mata gyambon kwanciya, tana kusanto da fuska sosai saboda idon ya fara tafiya. Ni kuwa, ina jin motsinta sai in sulale gareji in tsaya a cikin sanyi ina taɓa spana, har in ji ta tafi. Mako bakwai. Ana saura kwana biyu Ardis ta rasu ta ce min, "Harlan, kai fa ba mugu ba ne. Matsoraci ne kawai. Amma ga wanda aka yi wa, duk ɗaya ne."

Sai da aka yi wata uku da binne ta na iya zuwa Layin Tasha. Na tarar da Wilma a kicin da jaririya a kafaɗa, tana motsa tukunya da ɗaya hannun.

"Wa ke nan? Matso haske."

"Harlan ne."

"To. Zauna mana, ka tsaya min a kai kamar mai karɓar kuɗin wuta."

Na zauna. Na shirya maganganu a mota, duk suka gudu. Abin da ya fito shi ne, "Kin yi nadama?"

"Kullum," in ji ta. "Dokar nan da ya sa wa hannu, da ƙuri'ata a ciki. Akwai yaran da ba za a haifa ba, kuma ban isa in ce babu hannuna ba. Zan amsa a gaban Ubangiji, ban san me zai ce min ba." Ta rage wutar murhu. "Da Tillery na zaɓa, da shi ma ina nadama, ta wani gefen. Ranar ba a ba ni takarda mai tsabta ba, Harlan. Biyu aka miƙo min, duk da jini a jiki. Na ɗauki wadda na ga zan iya ɗauka."

"Ni har gobe ba zan zaɓe shi ba."

"Ban ce ka zaɓe shi ba. Cewa na yi ka faɗa musu abin da ka gani."

Nan na ce ta yafe min. Ban faɗe shi da kyau ba. Sai ta sauko da jaririyar daga kafaɗarta ta miƙo min.

"Riƙe min wannan, miya za ta kama. Tallafi kan, kai kamar ba ka taɓa haihuwa ba."

Ban sani ba ko yafiya ce. Ban sake tambaya ba.

Wilma, uwar waɗanda aka rufe wa ƙofa, na gode. Na gode da Ardis. Na gode da mata ɗari uku da 'ya'yansu, waɗanda wasu yau suke tuƙa tarakta a gonakinmu, wasu suke koyarwa a makarantarmu. Ke ce kika yi aikin da mu muke rubutawa a kwali. Ke ce muka yi wa hukunci a kan minti uku, muka mance shekara ashirin da biyar, kika kuma ci gaba da yi mana hidima ba ki jira mun tuba ba.

Ku kuma jama'ar New Kampen, ban ce ku sauya ra'ayinku ba, ni ma ban sauya nawa ba. Wani zaɓen zai zo, za a sake ajiye mana namu da wanda ba namu sosai ba, za mu sake rabuwa. In wani ya miƙe a zauren nan ya faɗi abin da ya sosa muku rai, kafin ku kira shi da sunan maci amana, ku tuna inda yake ranar da ake bukatar hannu, ku kuma tuna inda kuke. In an kira ku shaida, ku ɗaga kai.

Za a yi mata walimar ban kwana ranar Asabar ƙarfe biyu a tashar kashe gobara. An nemi zauren coci, majalisar dattawa ta ƙi, biyar da huɗu. Wannan karon ina cikin huɗun. Elaine, in kina karanta wannan, yayarki tana iya gane fuska in an matso kusa, amma ba don dogon lokaci ba.

Gidan ba zai rufe ba. Shawna, wadda ta haihu a can shekara goma sha tara da suka wuce, yanzu nas ce, ita za ta karɓa. Ta ce in gaya muku tana neman mai kai masu ciki awo ranar Talata da Alhamis, mil hamsin da biyu zuwa, hamsin da biyu dawowa, da wanda ya iya gyaran rufi kafin damina. Duk mai zuwa ya bi ta ƙofar baya, kuma kada ya ƙwanƙwasa. Akwai masu barci.